Darasin Kimiyya: Minti Nawa Roba Mai Zare Za Ta Jure wa Wuta?

Fanni: Fizik da Kemistiri
Aji: Babbar sakandare, aji biyu
Wuri: Bagega, Ƙaramar Hukumar Anka, Jihar Zamfara
Tsawon lokaci: Darasi biyu a jere

Manufar darasi

A ƙarshen darasin nan ana so kowane ɗalibi ya iya:
1. Faɗin abin da ake nufi da haɗaɗɗen abu, tare da misalai daga garinmu.
2. Bambanta roba mai narkewa da wadda ba ta narkewa.
3. Jero zango huɗu da roba take bi idan zafi ya hau ta.
4. Lissafa tafiyar zafi a cikin allo da takarda da biro.
5. Bayyana dalilin da ya sa abu yake rasa ƙarfinsa tun kafin a ga harshen wuta a jikinsa.

Gabatarwa

Ɗalibai, ku natsu. A garin nan ba sai an yi dogon bayani ba kafin a yarda cewa abin da ido bai gani ba yana iya kisa. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta aka zuba sabuwa. Masu wannan aiki sun riƙa ɗora wata na'urar hannu a kan ƙasar tsakar gida suna karanta yawan dalmar da ke ciki. A Amurka kuma, tun shekarun 1990, hukumar kare muhalli tana da wani tsarin lissafi da ake ba shi adadin dalmar da ke cikin ƙasa da ƙura da ruwan sha, shi kuma ya kintaci yawan da za a samu a jinin yaro.

Irin wannan tsari shi ake kira samfurin lissafi. Ana auna abin da ake iya aunawa yau, a saka shi cikin ƙa'idojin da aka tabbatar, a fitar da abin da zai faru gobe, ba tare da an jira ɓarnar ta auku ba. Yau za mu ɗauki wannan dabara mu kai ta wani fage, wato zafi da gobara. Tambayarmu guda ce: idan wuta ta taɓa abin da aka yi da roba da zare, minti nawa zai yi kafin ya ba da kai?

Mataki na ɗaya: Mene ne haɗaɗɗen abu?

Kowa a ajin nan ya ga yadda ake kwaɓa ƙasar gini. Magini ba ya yin tubali da laka zalla, sai ya zuba ramno an tattake. Laka ita kaɗai tana tsagewa idan ta bushe, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, amma in sun haɗu sai a sami bangon da zai ga jikoki. Wannan haɗaɗɗen abu ne na asali: sashe ɗaya zare ne mai ɗaukar ja, ɗaya kuma maɗauri ne da ke riƙe zaren a wurinsa.

A masana'antun zamani roba ce maɗaurin. Zaren kuwa yakan zama na gilashi, ko na kabon, ko na yadi. Ga waɗanda muke gani kullum:

- Bel ɗin injin niƙa da tayar babur: roba ce da igiyoyi a cikinta.
- Tiyon ban ruwa: in kun duba jikinsa za ku ga saƙar zare tsakanin roba biyu.
- Koren allon da ke cikin rediyo da waya da na'urar cajin sola: ƙyallen zaren gilashi ne da aka jiƙa da robar ifoksi.
- Kwanon rufi mai shigo da haske, da wasu hulunan kwano na 'yan babur: zaren gilashi ne da robar foliyesta.

Jarka da bokiti da baƙin tankin ruwa roba ce zalla, ba su cikin wannan jeri, ko da yake za mu buƙace su wajen kwatance. A manyan ƙasashe lamarin ya wuce nan: kusan rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 haɗaɗɗun abubuwa ne, saboda ba su da nauyi kuma ba sa tsatsa. Rauninsu ɗaya ne. Zaren gilashi ba ya yin laushi sai zafi ya wuce digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, amma robar da ke riƙe da shi tana sakewa tun wajen digiri 100. Saboda haka ƙarfin haɗaɗɗen abu a cikin wuta yana hannun robar.

Mataki na biyu: Roba iri biyu ce

Duk roba dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari, mafi yawansu kabon da haidurojin. Yadda sarƙoƙin suke zaune da juna shi ke raba roba gida biyu.

Gida na farko: roba mai narkewa. Sarƙoƙinta a cakuɗe suke, amma ba a ɗaure suke da juna ba. Da zafi ya zo sai su fara zamewa, robar ta zama ruwa. Leda da jarka, wato foliyetilin, suna narkewa tsakanin digiri 105 da 135. Buhun da ake zuba hatsi ko dutse, wato folifurofilin, yana narkewa wajen digiri 165. Shi ya sa mai gyaran bokiti yake ɗumama ƙarfe ya liƙe tsaga. A cikin gobara wannan hali masifa ne, domin robar tana ɗiga tana ci da wuta, duk inda ɗigon ya sauka ya kunna wata.

Gida na biyu: roba marar narkewa. A nan sarƙoƙin an ƙulle su da juna tun lokacin da robar take daskarewa a masana'anta, kuma ƙullin ba ya kwancewa sai dai ya tsinke. Ifoksi da foliyesta da finolik duk 'yan wannan gida ne. Finolik, wadda ta riga sauran fitowa, Leo Baekeland ne ya haɗa ta a 1907, ita ce baƙar robar nan mai tauri ta hannun tukunya da tsofaffin makunnan lantarki. Irin wannan roba in ta sha zafi takan yi laushi, ta yi baƙi, ta tsattsage, amma ba za ta kwarara ba. Galibin haɗaɗɗun abubuwa masu ɗaukar nauyi da ita ake yin su.

Mataki na uku: Zango huɗu na zafi

Mu ɗauki allon zaren gilashi da foliyesta, mu bi shi yayin da zafi yake hawa.

Zango na ɗaya: laushi. Kowace roba mai tauri tana da wani matakin zafi da in ta kai shi take sauyawa daga tauri zuwa taushi. Masana suna rubuta shi da alamar Tg. Ga foliyesta yakan faɗo tsakanin digiri 60 da 120. Ga allon cikin rediyo, wajen 130 zuwa 140. A wannan zango babu hayaƙi, babu wari, launi bai sauya ba. Amma ku lura da kyau: zare ja yake iyawa, ba ya iya turi. Muddin robar tana da tauri tana tallabe zaren, yana tsaye yana ɗaukar nauyin da ke danna shi. Da ta yi laushi sai zaren ya tanƙware, allon ya durƙushe. Ginshiƙi ko shiryayye da nauyi yake dannawa zai iya faɗuwa a zafin da bai fi na tafasasshen ruwa da yawa ba.

Zango na biyu: rugujewar sinadari. Daga wajen digiri 300 zuwa 450 sarƙoƙin kansu suke tsintsinkewa, guntayen su fita a matsayin iskar gas. Wannan aiki yana shan zafi, saboda haka yana ɗan rage gudun wutar zuwa ciki. Sai dai gas ɗin da ya taso a tsakiyar allo yana neman hanyar fita, ya kumbura, ya raba shimfiɗun zaren da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan tsagogi iska da wuta suke kutsawa.

Zango na uku: kamawa. Ba daskararriyar roba ce ke ci da wuta ba, gas ɗin da ke fita daga jikinta ne. In ya gauraya da oksijin ya sami tartsatsi, harshen wuta ya tashi. Harshen yana mayar da zafi kan allon, allon ya ƙara fitar da gas, gas ya ƙara ciyar da harshen. Kilo ɗaya na foliyetilin yana ba da zafi sama da megajul 40, kusan daidai da kilo ɗaya na fetur, kuma ya ninka na busasshen itace fiye da sau biyu.

Zango na huɗu: gawayi. Wasu robobi suna barin baƙin ɓawo a fuskarsu. Wannan ɓawo alheri ne, domin yana tare zafi yana kuma tare gas. Finolik takan bar kusan rabin nauyinta a matsayin gawayi, shi ya sa ake son ta a cikin jiragen sama da na ƙasa. Foliyesta ba ta barin abin kirki. Wanda ya taɓa tona tokar shagon da ya ƙone zai iya tsintar allon rediyo da robarsa ta tafi gaba ɗaya: abin da ya rage farin ƙyalle ne mai saƙa, layukan jan ƙarfe suna reto a jikinsa, in ka ɗaga shi sai ya lanƙwashe a hannunka. Zaren yana nan, ƙarfin ya tafi.

Mataki na huɗu: Abin da ake aunawa a ɗakin gwaji

Samfurin lissafi ba ya aiki sai an ba shi alƙaluma na gaskiya. Awo uku ne suka fi muhimmanci.

Na farko, awon nauyi da zafi. Ana ɗora ɗan guntun roba, miligiram kaɗan, a kan ƙaramin sikeli a cikin tanda, ana ƙara zafi sannu a hankali, misali digiri 10 kowane minti. Sikelin yana rubuta yadda nauyin yake raguwa. Daga nan ake sanin inda rugujewa take farawa, da saurinta, da yawan gawayin da zai rage.

Na biyu, awon zafin da abu yake fitarwa. A 1982 Vytenis Babrauskas ya ƙera na'urar yin haka a hukumar ma'aunai ta Amurka. Ana yanka allo mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10, a sa shi ƙarƙashin wani murhun lantarki mai siffar mazurari. Ana yawan sa murhun ya ba da kilowat 50 a kan kowane murabba'in mita. Don ku gane girman wannan, ranar tsaka ta watan Afrilu kilowat 1 kawai take saukewa a kan murabba'in mita. Na'urar ba ta auna zafin kai tsaye. Tana auna oksijin da wutar ta cinye, domin Clayton Huggett ya nuna a 1980 cewa kusan duk abin da ke ƙonewa yana ba da megajul 13.1 a kan kowane kilo na oksijin da ya ci.

Na uku, awon buƙatar oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Foliyetilin tana ci gaba da ci ko da oksijin ya sauka zuwa kashi 17 ko 18, saboda haka in ta kama ba ta mutuwa da kanta. Bututun PVC mai tauri yana buƙatar sama da kashi 40, shi ya sa yakan mutu da an janye masa wuta.

Mataki na biyar: Gina samfurin lissafi

Samfurin yana tsaye ne a kan tsofaffin ginshiƙai biyu. Joseph Fourier na Faransa ya kafa ƙa'idar tafiyar zafi a 1822: zafi yana tafiya daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma gudunsa ya danganta da girman bambancin zafin. Svante Arrhenius na Suwidin ya nuna a 1889 cewa saurin sauyin sinadari yana hauhawa ninki-ba-ninki idan zafi ya ƙaru. A 1985 J. B. Henderson da abokan aikinsa suka haɗa waɗannan a lissafi guda don haɗaɗɗun abubuwa. A lissafinsu ana yanka allo a zuci zuwa siraran shimfiɗu, kowace shimfiɗa a yi mata lissafin shiga da fita: zafin da ya shigo daga maƙwabciyarta, wanda ta riƙe, wanda rugujewar roba ta shanye, da wanda gas ya ɗauka ya fita da shi. Daga baya Geoff Gibson na Jami'ar Newcastle a Ingila da Adrian Mouritz na Melbourne a Ostareliya suka ɗora lissafin ƙarfi a kai, ta yadda za a iya faɗin lokacin da allon zai karye.

Kwamfuta ce ke yin wannan da dubban shimfiɗu. Mu za mu yi ƙaraminsa da hannu. Ku fito da biro.

Lissafi na ɗaya: kauri da lokaci. Kowane abu yana da lambar da ke nuna saurin yaɗuwar zafi a cikinsa. Ga allon zaren gilashi za mu ɗauki 0.2, ga ƙarfe 12, in an auna kauri da milimita, lokaci da sakan. Ƙa'idar kintace ita ce: ka ninka kauri da kansa, ka raba da lambar.

- Allo mai milimita 2: 4 a raba da 0.2, sakan 20.
- Allo mai milimita 10: 100 a raba da 0.2, sakan 500, wato minti 8 da 'yan kai.
- Allo mai milimita 20: 400 a raba da 0.2, sakan 2,000, wato wajen minti 33.
- Ƙarfe mai milimita 10: 100 a raba da 12, sakan 8 kacal.

Abu biyu suka fito. In ka ninka kauri sau biyu, lokaci ya ninku sau huɗu. Sannan haɗaɗɗen abu ya fi ƙarfe tare zafi nesa ba kusa ba. Wannan falalarsa ce, kuma ita ce take yaudarar mutane.

Lissafi na biyu: tafiyar zafi taki-taki. Allonmu kaurinsa milimita 20, zafinsa digiri 40 kamar yadda yake a inuwa lokacin bazara. Wuta ta taɓa fuskarsa ta kai ta digiri 600. Mu sa alama kowane milimita 2. In muka ɗauki takin lokaci na sakan 10, ƙa'idar Fourier tana zama mai sauƙi: sabon zafin kowace alama shi ne matsakaicin zafin maƙwabtanta biyu a takin da ya wuce. Ga jerin, daga milimita 2 zuwa 4, 6, 8, 10:

- Farko: 40, 40, 40, 40, 40
- Sakan 10: 320, 40, 40, 40, 40
- Sakan 20: 320, 180, 40, 40, 40
- Sakan 30: 390, 180, 110, 40, 40
- Sakan 40: 390, 250, 110, 75, 40
- Sakan 50: 425, 250, 163, 75, 58
- Sakan 60: 425, 294, 163, 110, 58

Ku duba yadda 320 ta fito: 600 a tara da 40, a raba biyu. Ita kuma 180: 320 a tara da 40, a raba biyu. Haka za ku bi sauran.

Yanzu mu karanta layin ƙarshe. A ce robar tana laushi a digiri 100, tana rugujewa a 350. Bayan minti ɗaya, inda ya wuce 350 bai fi milimita 2 zuwa 3 na farko ba. Amma inda ya wuce 100 ya kai milimita 8. Ke nan kashi 40 cikin 100 na kaurin allon ya daina ɗaukar nauyin da ke danna shi, alhali baƙin da ido zai gani ɗan siriri ne, bayan allon kuma yana nan a digiri 40, kana iya dafa shi da tafin hannu. Duk nauyin ya koma kan milimita 12 da suka rage. Laushi yana gaba, ƙuna tana biye da shi daga nesa. Wannan shi ne zuciyar darasinmu, ku ja layi a ƙarƙashinsa.

Lissafinmu ya yi wa gaskiya ragi a wurare uku. Mun ɗauka fuskar allon ta tsaya a 600, alhali gobarar ɗaki tana hawa: a tsarin gwajin da duniya ta amince da shi, zafi yana kaiwa 576 a minti 5, 842 a minti 30, 945 a awa guda. Mun bar zafin da rugujewa take sha. Mun kuma ɗauka lambar nan ta 0.2 ba ta sauyawa, alhali gawayi da tsaga suna sauya ta. Shi ya sa injiniya ba ya yarda da samfuri sai ya soka wayoyin awon zafi a cikin allo na gaske, ya ƙona shi, ya gwada abin da ya auna da abin da lissafi ya faɗa. In sun dace, sai a yi amfani da samfurin wajen kintatar kaurin da ba a gwada ba.

Mataki na shida: Daga takarda zuwa gari

Ranar 14 ga Yuni, 2017, wuta ta tashi daga firij a wani gida a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a Landan. An lulluɓe benen daga waje da faranti mai fuska biyu na alminiyam, tsakiyarsa foliyetilin mai kaurin milimita 3. Alminiyam ba ya ci da wuta, amma yana wuce da zafi nan take kuma yana narkewa a digiri 660. Robar ta narke, ta kwarara tana ci, wutar ta kai ƙololuwar ginin cikin abin da bai kai rabin awa ba. Mutane 72 suka rasu. Kwamitin bincike ya tabbatar da cewa farantin ne babban abin da ya yaɗa wutar. Fuskar abu ba ta isa shaida ba, sai an san abin da ke cikinsa.

A nan gida, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, dubban shaguna suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. Kasuwar yau cike take da katifa da yadin roba da bokitai da leda da tamfol. Ku tuna da adadin megajul 40: shagon da ke da kilo 200 na kayan foliyetilin yana ɗauke da zafin da ya kusa na kilo 200 na fetur.

Hayaƙi kuma ya fi harshen wuta kisa. Duk roba tana fitar da iskar kabon monoksaid idan oksijin ya yi ƙaranci. Katifar soso tana ƙara da iskar sayanaid. Rigar wayar lantarki ta PVC tana fara sakin iska mai asid tun daga digiri 200 zuwa 300, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Shekara da shekaru ana zuba sinadarin dalma a cikin PVC don kada zafi ya lalata ta, masana'antun Turai sai a ƙarshen 2015 suka gama daina hakan. Wanda ya tara tsofaffin wayoyi ya cinna musu wuta don ya ciri jan ƙarfe, yana iya barin dalma a hayaƙi da toka. Dalmar 2010 daga dutse ta fito, amma jinin yaro ba ya tambayar inda dalma ta fito. Waya feɗe ta ake yi da wuƙa, ba a ƙona ta, balle a tsakar gidan da aka sha wahalar sauya wa ƙasa.

Masu ƙera kaya suna da dabarun jinkirta wuta. Ɗaya daga ciki ita ce zuba wani farin gari na alminiyam a cikin robar, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ruwa ne a ɗaure. Wajen digiri 200 yake sakin ruwan, ya sha zafi, tururin ya tsinka gas. Wannan ba ya hana gobara, mintuna yake ƙarawa, kuma da waɗannan mintuna ake fitar da mutane.

Gwajin aji

Malami kaɗai zai riƙe buta, ɗalibai su tsaya nesa. Ba za mu kunna roba a aji ba. A ajiye goran ruwa na roba marar komai a cikin kwano, ba tare da murfi ba, a zuba masa tafasasshen ruwa zuwa rabi. Cikin sakan kaɗan ƙasan goran zai motse ya yamutse, saman da ruwa bai taɓa ba yana nan yadda yake. Robar goran ruwa tana laushi wajen digiri 70, tana narkewa wajen 250. Ruwan bai wuce 100 ba. Ku rubuta zangon da kuka gani, da dalilinku.

Taƙaitawa

1. Haɗaɗɗen abu zare ne da maɗauri, kuma a cikin wuta maɗaurin ne ke fara gazawa.
2. Zangon zafi huɗu ne: laushi, rugujewa, kamawa, gawayi.
3. Ninka kauri sau biyu yana ninka lokacin ratsawar zafi sau huɗu.
4. Laushi yana riga ƙuna shiga ciki, saboda haka abu yakan karye kafin ya ƙone.
5. Samfurin lissafi yana amsa tambayar minti nawa, kuma sai gwaji ya gaskata shi ake dogara da shi.

Aikin gida

1. Kawo haɗaɗɗun abubuwa uku daga gidanku ko kasuwar Bagega, ka faɗi zaren da maɗaurin kowanne.
2. Ci gaba da jerin lissafi na biyu har sakan 100, kana ƙara alamomin milimita 12, 14 da 16. Milimita nawa suka wuce digiri 100?
3. Kintaci lokacin da zafi zai ratsa allo mai kaurin milimita 6, da mai 12.
4. Bel ɗin injin niƙa ya fara santsi yana wari bayan doguwar niƙa. A wane zango yake, kuma me ya kamata mai injin ya yi?
5. Rubuta layi goma da za ka karanta wa mai sayen tsofaffin wayoyi, kana bayyana masa dalilin da zai sa ya daina ƙona su.

A kawo aikin ranar Litinin. Darasi na gaba: batirin sola da abin da ke sa shi yin zafi.